Bambar Fijon Kawu

Wata Lahadi, ranar kasuwar Ɗambatta, na taso daga Kano da safe don in gaida mahaifiyata. Duk wanda ya san garin ya san yadda bakin titi yake zama a wannan rana: motocin shanu, a-kori-kura cike da buhuna, 'yan acaɓa, masu tura baro, ga yara masu tallar gyaɗa da rake suna ratsawa tsakanin motoci. Ina tafe a hankali, tafiyar da ko mai ƙafa zai iya wuce ni, sai amalanken shanun da ke gabana ya ɗan ja da baya. Ƙarar ba ta fi ta faɗuwar kwano ba. Amma da na fito sai na tarar gefen bambar motata ya tsage, kunnenta ɗaya ya ɓalle yana reto. Amalanken kuwa ko ƙwarzane babu. Mai shi ya ba ni haƙuri, na ce ba komai, alhali a zuciyata har na fara lissafin kuɗin gyara.

Da na isa gida na tarar da Kawu zaune a ƙofar gida. Ya taso, ya zagaya motar, ya sa babban yatsa ya danna bambar. Ta lotsa, ta dawo.

"Injiniya," in ji shi, don haka yake tsokanata duk da ya san aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, "wannan ce motar da ka yi shekara biyu kana tara wa kuɗi? Ai bokitin wanka ya fi wannan ƙwari."

"Kawu, haka ake yin su yanzu."

"Haka ake cutarku yanzu dai. Ni da Fijona na taɓa ture katangar tasha, muka sauka muka ba mai katangar haƙuri. Motar kuwa tsumma kawai na sa na goge."

Kawu ya yi shekaru yana jan Fijo 504 wagon tsakanin Kano da Daura, don haka ba da ka yake magana ba. Ni kuma ban da amsar da zan ba shi a ranar. Abin ya tsaya mini a rai har na koma na bi diddigin yadda aka yi ƙarfen gaban mota ya rikiɗe ya zama roba.

Sai an fara da ita Fijon, domin a ƙasar Hausa in an ce "motar da" ita ake nufi. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Amma ainihin rayuwarta a Afirka ta yi ta. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta na shanye rami da gargada, injinta kuma ba ya ɓoye wa bakanike komai. A 1975 da 1978 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan hanyoyin da ba su fi namu na karkara kyau ba. A Nijeriya an kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975. Lokacin kuwa ya zo daidai. Kuɗin man fetur na shigowa, an biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji da ariyas, gwamnati kuma ta ɗauki Fijo a matsayin motar aiki. Akwai abin da Kanawa da yawa ba su sani ba: saboda cunkoson da ya toshe tashar jiragen ruwa ta Legas a waɗannan shekaru, ta jirgin sama aka riƙa ɗauko sassan motocin daga Lyon a sauke su a filin jirgin Kano, sannan a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna. Ke nan Fijo da yawa sun fara taka Kano tun suna cikin akwati.

Bambar wannan mota falle ne na ƙarfe mara tsatsa, an ɗaure shi da noti a kan hannuwa na ƙarfe, ya ɗan fito gaba da jikin motar. Ba a yi masa fenti, don haka babu fentin da zai goge. In ya lanƙwashe, mai fanibita zai kwance shi, ya ɗora a kan kututture, ya bi shi da guduma, kafin la'asar ya mayar. Direbobi sun mai da bamba kayan aiki. Da ita ake tura motar da batirinta ya mutu, a jikinta ake ɗaura igiya a ja wadda ta kafe a yashi, a kanta yaron mota yake zama ya ci abinci. A cunkoson kasuwa, inda bugun bai wuce goga da zunguri ba, babu abin da ya kama ƙafarta. A nan Kawu ya fi ni gaskiya, kuma ban ga amfanin yi masa musu ba.

To me ya sa aka bar ta?

Amsar ba a Kaduna take ba, ba ma a Faransa kaɗai ba. Babban kaso na labarin a Amurka ya faru, kuma abin mamaki shi ne can aka taɓa yin dokar da Kawu zai sa wa hannu da gudu. A shekarun 1960 bambar motocin Amurka ta zama ado kawai, ƙyalli ba ƙwari, ɗan bugu kaɗan sai fitila da lagireto su tafi. Kamfanonin inshora, waɗanda su ke biyan kuɗin gyara, suka matsa wa gwamnati. Aka kafa doka cewa daga motocin 1973, dole gaban mota ya jure karo da bango a gudun mil 5 a awa, wato kamar kilomita 8, ba tare da fitilu ko birki ko hanyar mai sun lalace ba. A 1974 aka ce bayan motar ma haka. Zuwa 1980 an tsaurara har ita kanta bambar ba a yarda ta yi fiye da 'yar lotsawa ba. Motocin wannan zamani sun fito da manyan bambobi masu nauyi, wasu an ɗora su a kan wani irin shokozoba da ke shigewa ya dawo. Har Fijo 504 da aka sayar a Amurka sai da aka ƙara mata irin wannan leɓe.

Dokar ba ta daɗe ba. Rikicin man fetur na 1973 ya sa kowane kilo na nauyin mota ya zama abin lissafi, gwamnati kuma ta fara tilasta wa kamfanoni su rage shan mai. Masu ƙera motoci suka yi ta kukan cewa bambar ta yi nauyi, ta yi tsada. A 1982, zamanin Shugaba Ronald Reagan, aka sauke ma'aunin daga mil 5 zuwa mil 2.5, kuma har yau a nan yake. Kilomita 4 a awa ke nan, tafiyar dattijo mai zuwa masallaci. Kamfanonin inshora sun yi ta ƙorafi, ba a saurare su ba. Dokar ma ba ta hau kan manyan jif-jif da a-kori-kura ba. Tunda kuwa Camry da Corolla da Accord da yawa da ke yawo a titunanmu daga Amurka aka kwaso su, hukuncin da aka yanke a Washinton shekara arba'in da suka wuce shi ne ya same ni a bakin kasuwar Ɗambatta.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce Kawu ya gama magana: an rage ƙarfe don a ƙara riba. Akwai wannan a ciki, ban musa ba. Sai dai akwai wani zare na biyu da ya faro tun kafin a haifi 504.

Wani injiniyan kamfanin Mercedes mai suna Béla Barényi ya yi rajistar wata dabara a 1952 wadda ta saɓa wa abin da kowa ya ɗauka a lokacin. Kowa na ganin mota mai tauri ita ce mai tsaro. Shi kuwa ya ce a yi ɗakin da mutane ke zaune da tauri, amma gaba da baya a gina su yadda za su moƙaɗe da gangan in an yi karo. A 1959 Mercedes ta fito da motar farko da aka ƙera a kan wannan tsari, a shekarar da Volvo ta fara sa bel mai ratsa ƙirji da ƙugu wanda Nils Bohlin ya ƙirƙiro.

Hujjar ba ta da wuyar ganewa. Motar da ke gudu tana ɗauke da ƙarfi, in ta tsaya farat ɗaya dole ƙarfin nan ya sami inda zai tafi. Kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa. In ya ninka sau goma, ƙarfin ya ninka sau ɗari. Wato bugun da bambar ƙarfe ke shanyewa a kilomita 8 kashi ɗaya ne cikin ɗari na abin da ke jiran mota a kilomita 80, gudun da direban haya a hanyar Kazaure zai ce maka ai bai ma fara tafiya ba. Karo a kilomita 50 kacal daidai yake da faɗowa daga tsayin mita goma. Babu bambar da za ta tare wannan. In ƙarfen motar ya ƙi lanƙwasa, bugun zai wuce kai tsaye zuwa ga abu mafi laushi a cikinta, wato ƙirjin direba da kawunan fasinja. In kuwa gaban motar ya naɗe kamar gwangwani, tsayawar ta ɗan ja lokaci, ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya isa ya rage abin da zai iso jikin mutum.

A aikina mun san irin wannan. In muna gina manhaja, mukan zaɓi wurin da muke so ta fara karyewa in nauyi ya yi mata yawa, don kada ta karye a inda asarar ba ta gyaruwa. Mai gyaran rediyo ma ya san shi, fiyus yake kiransa. Ba wanda ke zagin fiyus don ya ƙone.

A 2009 cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta yi wani gwaji da har yanzu bidiyonsa ke yawo a YouTube. Ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959, ƙatuwar mota mai bambar ƙarfe, da Chevrolet Malibu ta 2009, gaba da gaba, kowacce na gudun mil 40. Tsohuwar ta ruguje har cikin ɗaki, sitiyari ya taso ya sami mutum-mutumin da aka zaunar a kujerar direba. Sabuwar gabanta ya tafi gaba ɗaya, amma ɗakin ya tsaya. Adalci dai, 504 ba Bel Air ba ce. Ta zo bayanta da shekara tara, lokacin an fara ɗaukar darasi. Duk da haka tazarar da ke tsakaninta da motar yau a wannan fanni mai faɗi ce.

Na nuna wa Kawu bidiyon a wayata. Ya kalla sau biyu bai ce komai ba. Can sai ya fara ambaton abokan aikinsa na tasha waɗanda hanyar ta ci, wannan a kwana kaza, wancan ana saura kwana biyu Salla. Ya ƙirga har yatsun hannu ɗaya suka ƙare. Ban katse shi ba. Abin da na lura shi ne, labarin ƙarfin Fijo daga bakin waɗanda suka tsira muke jin sa. Wanda ya ture katanga ya goge da tsumma yana nan yana ba da labari. Wanda ya haɗu da tirela ba ya cikin hirar. Kuma a yawancin shekarun da Kawu ya yi yana tuƙi, bel ɗin motar a bayan kujera yake a cuse. Sai a 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, tilasta ɗaura bel kuwa sai a farkon 2003.

Akwai kuma mutum na uku da ba a cika sa shi a wannan muhawara ba, wanda ba ya cikin motar ma sam. Ƙarfen da ya ture katanga, me zai yi wa ƙaurin yarinya mai tallar gyaɗa? Turai ta ɗauki wannan tambaya da gaske. A 1997 aka fara gwajin Euro NCAP mai ba motoci taurari, har da maki na yadda gaban mota ke yi wa mai tafiya a ƙasa. A 2003 Tarayyar Turai ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2005, cewa sabuwar mota sai ta ci jarrabawar da ake harba mata ƙafar roba mai na'urori a gudun kilomita 40, a auna ko gwiwa za ta tsira. Daga nan gaban motoci ya ƙara laushi, ya yi faɗi, ya rasa kaifi. An yi dokar ne don titunan Turai, amma ban san inda ta fi amfani ba kamar garin da babbar hanya ta ratsa tsakiyarsa, inda makaranta ke wannan gefe gida ke wancan, kuma babu gadar tsallakawa.

Roba dai ta riga waɗannan dokoki shigowa. Renault 5 ta fito da bambar roba tun 1972, saboda sauƙin nauyi da sauƙin sarrafawa, ga shi ba ta tsatsa. Amma sai da na kai motata gareji washegari na ga abin da ido. Mai fanibita ya ɓalle 'yan maƙalan, ya sauke abin da nake kira bamba da hannu ɗaya, ya jingine a bango kamar tabarma.

"Alhaji, ai wannan riga ce," ya ce. "Ga bambar nan."

A bayan rigar akwai farin soso mai tauri, a bayan soson kuma ga wata gora ta ƙarfe kwance daga wannan gefe zuwa wancan, an ɗaure ta a kan wasu gajerun akwatuna biyu masu tsaga-tsaga, waɗanda aka yi don su naɗe kafin bugu ya kai ga ƙashin motar. Ƙarfen bai tafi ko'ina ba, ɓuya ya yi. Amalanken bai ko kai gare shi ba.

Sai dai wannan bai biya mini kuɗin gyara ba, kuma a nan ne nake komawa gefen Kawu. An tsara motar zamani ne don ƙasar da in riga ta tsage za a jefar a sa sabuwa, inshora ta biya. Rigar fentinta ɗaya da jikin mota, ƙwarzane kaɗan sai an sake feshi. Fitilun sun zama manya, sun zagayo har gefe inda bugu ke fara sauka. A sababbin motoci har da kyamara da na'urorin jin kusantar abu a cikin rigar, kowacce da kuɗinta. Mu kuwa inshorar da yawancinmu ke yanka ita ce ta dole, wadda aka ɗaga daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, kuma ko da ta gaskiya ce ba motarka take gyarawa ba, ta wanda ka buga ce. Akasari ma don shingen hanya ake ajiye takardar. Saboda haka asarar ƙaramin bugu, wadda injiniyan Turai ya ɗauka ba komai ba ce, a kan aljihun mai mota take sauka ɗungurungum. Ga direban Golf ko Sharon da ke lodi zuwa Kazaure, fitila ɗaya na iya cinye cinikin kwanaki.

Yadda muka koma hawan waɗannan motoci ma ba zaɓi ba ne. Bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka buɗe ƙofar motocin Kwatano, waɗanda Turawa suka gama yayinsu. Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har wajen 2006, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta, amma kasuwar ta riga ta tafi. Motar da aka yi wa hanyarmu ta ƙare, muka gaji waɗanda aka yi wa hanyar wasu.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da muke yi wa motocin bayan sun iso. Da yawa masu haɗari ne ake sayowa da araha a gyara. Akan rufe gurbin jakar iskar da ta riga ta fashe a bar shi wayam. Akan mayar da riga ba soso, wani lokaci ba ma gorar ƙarfen, tunda mai saye ba zai leƙa ba. Wasu direbobin kuma, da suka gaji da sayen fitila, sai su je wurin mai walda ya ƙera musu shingen ƙarfe a gaba, a like shi da ƙashin motar. Na fahimci dalilinsu sarai. Amma shingen yana tsallake akwatunan nan masu naɗewa ya kai bugu inda ba a shirya masa ba, yana iya rikita na'urar da ke tayar da jakar iska, kuma ga mai tafiya a ƙasa ya fi tsohuwar bambar Fijo muni. An rasa sauƙin gyaran da, an kuma zubar da tsaron yanzu. Wanda zai sayi mota, da zai roƙi bakanike ya sauke rigar nan ya duba bayanta, da ya fi masa zagaye goma na duba fenti.

Ni dai ban sayi sabuwar riga ba. Mai fanibita ya ce in ba na son zuwa Ƙofar Ruwa neman ta Kwatano, zai ɗinke mini wannan. Ya hura wuta, ya gasa wani ƙarfe mai faɗin baki, ya bi tsagar ta ciki yana narkar da robar yana nutsa 'yan guntayen waya a ciki, kamar mai ɗinkin ƙwarya. Ya shafa foti, ya goge, ya fesa fenti. Sana'ar da ubangidansa ya koya masa da guduma ce, shi kuma ga shi yana yin ta da wuta da waya. In ba ka durƙusa ba, ba za ka ga tabon ba.

Da na koma Ɗambatta bayan mako biyu, Kawu ya sake danna wurin da yatsa, ya taɓe baki. Na tambaye shi ina Fijon ta ƙare. Ya ce tun da injin ya buga ta yi shekaru a ƙarƙashin darbejiya kaji na ƙwai a ciki, daga baya 'yan gwangwan suka saye ta a kilo.

"Amma ban ba su duka ba," in ji shi. "Zo ka gani."

Ya ja ni bayan gida, wurin garken awaki. A ƙofar garken, an gitta ta tsakanin turaku biyu an ɗaure da waya, ga bambar gaba ta 504, da ramukan notin lamba a tsakiyarta. Shekara da shekaru tana shan ruwa da rana, babu tsatsa ko ɗigo. Wani bunsuru ya ja da baya ya kai mata karo, ta yi ƙara, ba ta motsa ba.

"Ka gani ko, Injiniya?"

"Na gani, Kawu."

Da zan tafi ya ce in sauke shi a Dawanau. Ya shiga gaba, ya gyara babbar riga, ya laluba gefen kujera ya jawo bel ɗin, ya yi ta neman ramin da ake sa shi har sai da na miƙa hannu na taya shi.